Darasi: Dala da tamma

A zamanin da, da wuri ake ciniki a kasuwannin Damagaram da Maradi. Akwai kuma dala, kuɗin azurfa na ƙasar Ostiriya, wanda fatake ke kawowa. A 1945 Faransa ta fito da kuɗin sefa, amma sunan dala bai ɓace ba.

Har yau a baki da dala ake ƙirga, a rubuce kuwa da tamma. Dala ɗaya tamma 5 ce. Takardar kuɗi mai lamba 500 dala ɗari ce. Mai 1000 ita ce jika, wato dala ɗari biyu.

Manomi ya sayar da wake dala ɗari huɗu, bashi. In mai saye ya rubuta masa 400, an cuce shi, don dala tamanin ke nan. 2000 ya kamata ya gani.