Ɗalibin da ake kira miskili: shawara ga malaman jami'a

A kusan kowane aji na jami'a akwai ɗalibin da malamai suka rasa gane kansa. Idan jarrabawar lissafi ce ko ta kwamfuta, shi ke kan gaba, amma a ce ya tashi ya yi bayani gaban 'yan aji, sai bakinsa ya mutu. Ya shigo ofis ba wata doguwar gaisuwa, ya faɗi abin da ke tafe da shi ya juya. Akwai kuma wadda karatu ke zaune daram a kanta, amma aikinta kullum a makare yake zuwa, haruffa a hargitse. Mun saba yanke hukunci da wuri: wannan miskili ne, wancan girman kai, waccan lalaci. A gida ma wani lokaci har a ce iska ce.

Sau da yawa ba ko ɗaya daga ciki. Akwai mutanen da Allah ya halicci ƙwaƙwalwarsu tana aiki ta wata hanya daban. Cikinsu akwai masu galahanga, wato otizim. Akwai masu ADHD, waɗanda tattara hankali wuri guda da tsara lokaci ke yi wa wuya. Akwai masu disleksiya, waɗanda haɗa baƙi da rubuta shi ke wahalar da su duk da kaifin basirarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da galahanga. Ba rashin tarbiyya ke kawo ta ba, ba kuma allurar rigakafi ba. Tana da matakai: wani yana buƙatar kulawa har tsawon rayuwa, wani kuwa ya ci JAMB, ga shi zaune a gabanka cikin ɗalibai ɗari uku. A kan na biyun nake magana, kuma mafi yawan abin da yake buƙata daga gare ka, Malam, ba ya cin ko kwabo.

Fara da harshenka. Mu Hausawa muna son magana a lulluɓe, kuma ado ne a wurinmu. Malami ya ce "sai na duba", kowa ya san an ƙi. Ya ce "ka dawo an jima", kowa ya san gobe ake nufi ko jibi. Mai galahanga yakan ɗauki magana yadda aka furta ta. Zai tsaya a ƙofar ofishinka har La'asar yana jiran "an jima", idan ka fito ka yi masa tsawa bai san laifinsa ba. Habaici da gugar zana ba sa isa gare shi yadda ka nufa. Ko dai su wuce shi, ko su hana shi barci yana juya su. Saboda haka ka ce masa: "Ka zo ranar Talata ƙarfe 11." Idan ka duba babin binciken da ya kawo, kada ka rubuta "a gyara" ka maido masa. Nuna masa shafin, faɗi abin da ya ɓace, faɗi abin da kake so ya saka. Aikin gida kuma a ba da shi a rubuce: shafi nawa, ranar miƙawa, yadda za a raba maki. Umarnin da aka faɗa da baki a ƙarshen lacca, ana hayaniyar fita, ɗalibi mai ADHD ya riga ya rasa rabinsa kafin ya kai ƙofa.

Haka batun gaisuwa. Sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne a wurinmu, don haka ɗalibin da ba ya iya haɗa ido da mutane bai cika shan wahala a nan ba kamar takwaransa na Turai. Inda yake faɗawa rami shi ne gaisuwa da zaman hira. Bai tambayi iyali ba, bai tambayi gajiya ba, ya gyara maka kuskure a allo gaban jama'a ba tare da sakaya ba. Da ciwo, na sani. Amma kafin ka riƙe shi a zuci har ranar ba da maki, kira shi gefe ka gaya masa dalla-dalla yadda ake yi: "Idan ka ga kuskure, same ni bayan lacca." Akasarinsu ƙa'ida bayyananniya suke nema, kuma idan sun same ta sun fi kowa riƙe ta.

Sai sauyin lokaci. A jami'o'inmu an saba a ɗage lacca da safe, a sa wata da yamma, a sauya ɗaki, a yi gwajin ba-zata, duk ta bakin wakilin aji a WhatsApp. Sauran ɗalibai su yi tsaki su bi. Ga mai galahanga, wanda ya tsara yininsa tun daren jiya, wannan na iya rushe masa ranar gaba ɗaya. Ba kowane sauyi ne ke hannunka ba. Yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ɗauka. Amma wanda ke hannunka, sanar da shi tun ana gobe, kuma a rubuce.

Ɗakin lacca kansa jarrabawa ne. Ƙarar janareto, lasifika mai kuwwa, fanka mai ƙara, zafi, turare, cunkoso kafaɗa da kafaɗa: abin da kunnenka ya saba tacewa, nasa yana kwasar shi duka lokaci guda. Bar shi ya zauna inda ya zaɓa, gaba ko kusa da ƙofa. Idan ya toshe kunne, ko yana kaɗa ƙafa, ko yana murza wani abu a hannu, hanyarsa ce ta samun natsuwa, ba raini ba ne. Idan abin ya yi masa yawa ya fita, ko ya daskare ya kasa magana, kada a taru a kansa ana tambaya ana yayyafa ruwa. A ba shi wuri shiru da 'yan mintuna. Ka kuma yarda ya ɗauki muryarka a waya, domin saurare da rubutu a lokaci ɗaya na gagarar da yawa daga cikinsu.

Aikin rukuni kuwa, kada ka ce "ku haɗa kanku", don shi za a bari. Kai ka raba, ka faɗi aikin kowa. Ranar kare kundin bincike, gaya masa tun da wuri su wa za su zauna, minti nawa zai yi, kuma a yi masa tambaya ɗaya bayan ɗaya.

Wani zai ce wannan gata ne, kuma rage darajar digiri ne. Ban yarda ba. Tambayoyin jarrabawa ba su sauya ba, ma'aunin maki bai sauya ba. Ƙarin lokaci ga mai disleksiya, ko ɗaki marar hayaniya ga mai galahanga, kamar tabarau ne ga mai raunin gani: ba ya karanta masa amsa. Kuma ba alfarma ba ce. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da bambanci ba. Hukumar JAMB ma tun 2017 ta kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola don shirya wa irin waɗannan ɗalibai jarrabawa. Bai dace a buɗe musu ƙofar shiga, sannan a bar su su yi ta maimaita kwasa-kwasai har a kore su ba.

Hattara da abu guda: kai ba likita ba ne. Kada ka laƙaba wa ɗalibi suna, kada ka ambaci halinsa a aji ko a ɗakin malamai. Da yawa ba a taɓa auna su ba, wasu kuma sun sani amma suna ɓoyewa don tsoron gori, musamman mata, waɗanda sukan ƙware wajen kwaikwayon sauran har gajiya ta kayar da su. Tambayar da ta fi amfani ita ce: "Me zai sauƙaƙa maka karatu a ajina?" Idan shi da kansa ya nemi a duba shi, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa, akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Sakkwato. Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos kuma suna da sassan ilimin masu buƙata ta musamman, inda kai ma za ka iya neman haske.

Irin waɗannan ɗalibai sukan ƙwallafa rai a kan fanni ɗaya har su gundure ka da zancensa. Kada ka kashe wannan. Temple Grandin ta Amurka, mai galahanga ce da ba ta yi magana ba sai bayan ta wuce shekara uku. Hankalinta ya tafi kan shanu, ta yi digirin digirgir a 1989, ta zama farfesa a Jami'ar Jihar Kolorado, kuma tsarin da ta zana na tafiyar da shanu ba tare da firgita su ba ana aiki da shi a manyan mayankan ƙasar. Ta sha faɗin cewa malaminta na kimiyya a sakandare ne ya karkata wannan naci nata zuwa karatu.

Ga shugabannin sassa, roƙona ɗaya ne. Ku ware malami guda mai haƙuri, ku sanar da sunansa da lokacin ganinsa tun makon rajista, domin ɗalibin da ke cikin wannan hali ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa kafin sakamakon zangon farko ya fito.