Tsohuwar rigar kaka shaida ce, kada ku yasar da ita

A Holan, masu nazarin zane kan gane matsayin mutum daga tufarsa. Hotunan Marten Soolmans da matarsa Oopjen Coppit, waɗanda Rembrandt ya zana a 1634, sun nuna su cikin baƙaƙen kaya da farin leshi, domin baƙin rini mai kyau a lokacin sai mai hali. Mu ma a Dakoro muna da irin wannan karatu, sai dai namu yana cikin adaka da tsofaffin hotuna, gara na cinsa.

Idan kuka ciro tsohuwar babbar riga, ku fara da aikin wuya da na aljihu. Aska takwas ta fi aska biyu cin zare da watannin ɗinki, don haka mai ita ba ƙaramin mutum ba ne. Ku shafa zaren: na auduga ne, ko tsamiya, ko alharini da fatake ke kawowa ta hamada? Alkyabba kuwa ta sarauta ce.

Turkuɗi ya fi komai buƙatar lura. Daga Kura ta ƙasar Kano yake zuwa, an saƙa shi siriri, an rina da baba, an buga har yana ƙyalli, kuma Abzinawa sun daɗe suna biyan kuɗi mai yawa a kansa. Don Allah kada a wanke shi! Ruwa na taɓa shi ƙyallin ya tafi, kuma shunin da yake bari a hannu shi ne darajarsa.

Atamfar Holan ta iyaye mata, wadda kamfanin Vlisco na Helmond ke bugawa, ku duba bakinta, akwai tambari.

Hoto kuwa a yi hattara da shi, don wani da rigar aro ya tsaya gaban mai hoto.

Wajen ajiya, ku guji leda, tana riƙe laima da damina. Ku naɗe kayan cikin farin ƙyalle na auduga, ku ɗora nesa da ƙasa, ku riƙa shanyawa a inuwa lokacin hunturu. Sannan ku je wurin tsohuwar gida tun tana raye, ku tambaye ta wa ya saka rigar, a wane biki, ku rubuta a takarda ku ajiye tare da ita.