Dawa Ba Ta Hana Sa Ƙiba, Gaggawar Mai Kiwo Ce Ke Kashe Shi

Duk shekarar da masara ta yi tsada a Dawanau, sai maganar nan ta dawo bakin masu turke shanu daga Bichi har Dambatta: wai dawa ba ta sa ƙiba, wai ƙona cikin sa take yi. Na gaji da jin ta, domin ba gaskiya ba ce.

Kaura da farfara kaɗan suka gaza masara wajen ƙarfin abinci, furotin ɗinsu ma yakan ɗara nata. Matsalar ita ce ƙwayar dawa ƙanana ce, ga tauri. Sa ba ya tsayawa tauna ta, haɗiyewa yake yi. Je ka bayan turken da safe ka duba: za ka ga kaji na tone kashin suna tsince dawa ɗai-ɗai, yadda ka zuba ta haka ta fito. Kajin maƙwabta ka ciyar, sannan ka ɗora wa dawa laifi. A kai ta inji a ɓarza, amma kada a niƙe ta gari.

Ba mu kaɗai ke neman madadin masara ba. A Amurka ma sun gwada wani hatsi ɗan uwan alkama da ake kira rai, suka ga maye gurbin wani kaso na masarar da shi ba ya ɓata ƙiba, amma idan aka cire ta gaba ɗaya ƙibar takan ja baya.

Abin da ke kashe sa shi ne canjin dare ɗaya. Jiya yana cin dusa da harawa, yau ka cika masa baho da ɓarzajjen hatsi saboda Sallah ta matso. Ƙwayoyin halittar da ke narkar da abinci a tumbinsa ba su saba ba, sai tumbin ya yi tsami. Ya daina tuƙa, ciki ya kumbura, zawo mai kumfa da warin tsami ya biyo baya, wani har ɗingishi. Malam, a yi canjin cikin mako 2 zuwa 3, ana ƙara dawa kaɗan-kaɗan ana rage abincin da ya saba ci. A raba hatsin safe da yamma. Harawar gyaɗa ko ta wake ta riga hatsi shiga ciki, kullum. Ina sake faɗa: kullum. Angurya, kanwa da ruwa mai tsabta kada su yanke.

Da ka ga ya daina tuƙa, janye hatsin nan take, bar masa harawa, ka nemi likitan dabbobi. Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda ake rugawa wurin masu tallar allura a kasuwar kara, a ɗirka wa dabbar da cikinta ya yi tsami maganin ƙiba. Allurar ba ta taɓa tsamin tumbi, jinkiri kawai take jawowa har a kai ga kiran mahauci.