Yadda Ake Haɗa Ƙaramin Jirgin Sama Mai Ƙarko

Ɗalibai sukan tambaye ni abin da ya sa ƙaramin jirgin da ake sarrafawa da rediyo yakan ragargaje tun a tashin farko. Sau da yawa tun a kan teburin aiki aka yi kuskuren.

Ana yin waɗannan jirage da katakon balsa, wanda yawancinsa daga ƙasar Ekwado yake fitowa. Ba shi da nauyi, amma ko farce yakan lotsa shi. Don haka a mazaunin inji da inda ƙafafu za su kafu, sai a sa katako mai ƙwari a manne shi da gam mai ƙarfi. Sauran jikin kuwa, gam kaɗan ya isa. Mai lafta gam nauyi yake ƙarawa, jirgi mai nauyi kuma da ƙarfi yake bugun ƙasa.

A haɗa fiffike a kan allo shimfiɗaɗɗe, domin in ya murɗe, jirgin zai riƙa karkata gefe guda. A ɗaure shi da roba, in an yi karo sai ya fita bai karye ba.

Abin da na fi jaddadawa shi ne daidaiton nauyi. Ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, wajen kashi 1 cikin 4 na faɗinsa daga gaba. Hancin ya ɗan sunkuya, kada wutsiya ta rinjaya. Nawa na farko wutsiya ce ta rinjaya, bai yi daƙiƙa goma a sama ba.

Ɗan koyo ya fara da samfurin Piper Cub mai fiffike a sama. Spitfire yana da kyan gani, amma sai hannu ya faɗa.