DARASIN TARIHI: PATRICK IBRAHIM YAKOWA, "NA KOWA"

Sa'ad da aka tura ni Jere gwajin koyarwa, wata rana ina koya wa 'yan aji shida sha'anin mulki, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ɗan ƙauye irinmu yana iya zama Gwamna?" Na ce masa i, amma na ga bai gamsu ba. Saboda haka na shirya wannan darasi, ga shi kuma na kawo wa 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, ko ya yi musu amfani.

An haifi Patrick Ibrahim Yakowa ran 1 ga watan Disamba, 1948, a Fadan Kagoma, cikin ƙasar Jama'a, kusa da Kafanchan. Ya yi karatu a makarantar St. Mary ta Fadan Kaje, da kwalejin St. John ta Kaduna. Daga nan ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya gama cikin 1972. Ya kama aikin Gwamnati, yana hawa daki-daki, har ya kai Babban Sakatare. Ya yi Kwamishina a Jihar Kaduna, ya kuma yi Ministan Ma'adinai zamanin Janar Abdulsalami Abubakar.

Cikin 2003 Gwamna Ahmed Maƙarfi ya naɗa shi Sakataren Gwamnatin Jiha. Da Mataimakin Gwamna, Stephen Shekari, ya rasu cikin 2005, sai aka ba shi wannan matsayi. Ya ci gaba da riƙe shi a ƙarƙashin Namadi Sambo tun daga 2007. A lura fa, Gwamnoni biyu ya yi wa Mataimaki, dukansu Musulmi, dukansu kuma ya girme su, amma ya bi su da ladabi. Mahaƙurci mawadaci.

Da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu cikin watan Mayu, 2010, aka ɗauki Namadi Sambo ya zama Mataimakin Shugaban Ƙasa. Ran 20 ga watan nan aka rantsar da Yakowa Gwamna. Cikin Afrilu, 2011, ya tsaya zaɓe ya ci. Shi ne mutumin kudancin jihar na farko, kuma Kirista na farko, da aka zaɓa bisa wannan kujera.

To, amma mulkin bai zo masa da sauƙi ba. A cikin watan nan na Afrilu tarzoma ta ɓarke bayan zaɓen Shugaban Ƙasa, aka yi hasarar rayuka da dukiya a Kaduna da Zariya da Zonkwa da Kafanchan. Aikin da ya faɗo kansa ke nan, watau ya riƙe mutanen da ke jin tsoron juna. Kirarin da ake yi masa shi ne "Yakowa na kowa," sai ya zama tilas ya cika shi da aiki.

Ran 15 ga Disamba, 2012, ya rasu cikin haɗarin jirgin sama mai saukar ungulu a Jihar Bayelsa, tare da Janar Andrew Azazi. Mataimakinsa, Mukhtar Ramalan Yero, ya gaje shi. Babban asibitin Kafanchan an sa masa sunansa.

Da na gama, yaron nan ya yi murmushi. Ni kuwa na dubi ajin, ga Musulmi ga Kirista bisa benci guda, sai na gane darasin ya fi shafata. Malamin da ya fifita 'ya'yan addininsa ko na ƙabilarsa, shi ke shuka tarzomar gobe. Lalle kowane malami ya zama na kowa.

Tambayoyi domin yara:
1. A ina aka haifi Yakowa?
2. Gwamnoni nawa ya yi wa Mataimaki?
3. Mece ce ma'anar "na kowa" a ajinku?