DARASIN LAFIYA: Ɗan aiken jijiya da maganin ƙwari



Darasinmu na wannan karo ya shafi cikin jikinmu. Ya kuma shafi kwalbar maganin ƙwari da ke aje a zaure ko a bayan rumbu. Da farko za ku ga kamar babu abin da ya haɗa su. Ku bi mu sannu sannu.

Idan mutum yana so ya ɗaga hauya, umurni daga ƙwaƙwalwa yake fitowa. Ya bi jijiya har ya iso ga naman hannu. Amma jijiya ba ta manne da naman ba. Akwai ɗan sarari tsakaninsu wanda ido ba ya gani. To, ƙaƙa saƙo ke ƙetare sararin nan? Bakin jijiya ne ke fitar da wani ɗan ruwa. Ruwan ya taɓa nama, nama ya motsa. Masana suna kiran ruwan nan asetilkolin. Sunan yana da nauyi a baki. Mu a nan za mu ce masa ɗan aike.

Ɗan aike ba naman hannu kaɗai yake tayarwa ba. Shi ke kawo miyau da hawaye da zufa. Shi ke sa hanji ya murɗa ya tura abinci. Shi ke matsa mafitsara. Shi ke rage gudun zuciya in mutum ya kwanta hutawa. Shi ke ƙanƙance ɗan baƙin tsakiyar ido in an fito cikin rana. Naman da ke ja mana numfashi ma, da umurninsa yake aiki.

Da kwaɗi aka gano shi. A shekarar 1921, wani masani mai suna Otto Loewi, a ƙasar Ostiriya ta Turai, ya fidda zuciyar kwaɗi biyu. Ya sa kowace cikin ruwan gishiri, suna bugawa. Ya tsokani jijiyar ta farko, gudunta ya ragu. Ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu. Ita ma gudunta ya ragu, alhali ba a taɓa jijiyarta ba. Nan ya gane jijiya ta saki wani abu cikin ruwan.

Ɗan aike in ya ba da saƙo, bai kamata ya zauna ba. Allah ya aje wani abu a wurin, aikinsa ya tarwatsa ɗan aike nan take, kafin ƙiftawar ido. Sunansa kolinestaras. Mu ce masa mai shara. Ku dubi mai shela a gari. Ya faɗi saƙon maigari ya wuce, kowa ya kama aikinsa. Amma in ya tsaya ƙofar gida yana kuwwa dare da rana, wasu masu shela goma suka taru a kansa, gidan nan ya rikice ke nan.

MAGUNGUNAN GIDAN LIKITA

Akwai magunguna iri biyu da ke ƙara aikin ɗan aike.

Na farko suna kwaikwayonsa. Jiki ya ɗauka shi ne ya zo. Akwai pilokarpin, wanda ake samu daga ganyen wani itace na ƙasar Barazil. Ana ɗiga shi a ido don wani ciwo da ruwan cikin ido ke taruwa yana danne jijiyar gani har mutum ya makance. Akwai kuma wanda kowa ya sani: nikotin na cikin taba. Shi ya sa wanda bai saba ba, in ya sa taba gari a baki, sai miyau da jiri da tashin zuciya. Yaro ƙarami in ya haɗiye taba, abin gaggawa ne.

Na biyu suna ɗaure hannun mai shara, sai ɗan aike ya daɗe a wurin. Na farkon da aka sani daga nan Afirka ya fito. Wani wake ne na kurmin Kalaba, a kudancin Nijeriya. Mutanen can a zamanin da suna shayar da shi ga wanda ake tuhuma da maita. In ya amayar ya rayu, a ce ba shi da laifi. In ya mutu, a ce shi ne. A shekarar 1864 masana a Jamus suka tsamo maganin da ke cikin waken. Yau ana da ƴan uwansa da ake harhaɗawa a masana'anta. Neyostigmin, lokotoro kan yi allurarsa bayan tiyata don naman jiki ya farfaɗo. Piridostigmin kuwa na masu wata cuta ne da naman jiki ke saurin gajiya, fatar ido ta riƙa faɗuwa. Duk waɗannan da awo ake ba da su, kuma aikinsu na ƴan awoyi ne, sai mai shara ya kuɓuta.

NA GONA

Yanzu mun iso ga kwalbar nan. Da yawa cikin magungunan da muke fesawa ga wake, da shu da tumati a garka, da wanda aka yi yaƙin fara da shi a shekarar 2004, irin na biyu ne. Suna ɗaure mai shara a jikin ƙwaro. Ƙwaro ya yi ta makyarkyata har ya mutu. Kun sha ganin haka. To, ɗan aiken da ke jikin fara shi ne ke jikin ɗan Adam, da akuya, da kaza, da zuma. Kuma ɗaurin na gona mai tsanani ne. Jiki kan yi makonni kafin ya sami sabon mai shara isasshe.

Ba sai an sha ba. Yana shiga ta fata, ta ido, ta numfashi. Mai feshi da tsakar rana, ba riga, yana zufa, iska na mayar masa da feshin, yana shan maganin ne ta jikinsa duka. Haka wanda pampo ke yoyo a bayansa. Haka mai hura bakin pampo da bakinsa in ya toshe. Wannan ɗabi'a ta hura pampo, gaskiya ta isa haka.

Wanda ya gane aikin ɗan aike ba sai ya haddace alamomi ba. Duk abin da ɗan aike ke yi, sai ya yi yawa. Miyau na zuba. Zufa sharkaf. Hawaye da majina. Ciki na murɗa, amai da zawo, fitsari na kuɓucewa. Baƙin tsakiyar ido ya koma kamar kan allura, gani ya dushe. Naman jiki na rawa, daga baya ya saki. Ƙirji ya cika da ruwa, ana jin shi yana kurkur. Wannan na ƙirji shi ke kisa. Ba iskoki ba ne, ba sammu ba ne. Kada a ɓata lokaci wajen turare.

Ga abin yi. A janye mutum daga wurin zuwa inda iska take. A tuɓe masa tufafi duka. A wanke shi da sabuni da ruwa mai yawa, har gashi da ƙarƙashin farce. Mai wanki ya sa hannunsa cikin leda. In ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta minti 15. A kwantar da shi a gefe ɗaya don miyau ya zuba waje. Kada a sa shi amai. Kada a ɗura masa nono, ko man gujiya, ko ruwan tsamiya. Mun san an saba da nono, amma ba ya karya wannan dafi, kuma yana iya sarƙe shi ya shiga huhu. A nemi amalanke ko moto ko mota nan take, a tafi gidan likita. A tafi da kwalbar, a ɗaure cikin leda.

A gidan likita akwai makari, sunansa atropin. Allura ce da ke toshe ƙofar da ɗan aike ke bugawa. Ana yin ta ana sakewa har ƙirji ya bushe. Wani zai ce ya ji akwai atropin cikin zaƙami. Gaskiya ne, amma ba wanda ya san yawan da ke cikin ɗiyansa, kuma zaƙami kansa yana haukatarwa yana kisa. Kada a gwada.

Abu biyu kuma. In marar lafiya ya farfaɗo, kada dangi su matsa a sallame shi. Wani sai bayan kwana 1 zuwa 4 wuyansa ya saki, numfashi ya gagara. Sa'annan in da gangan ya sha, cikin ɓacin rai, a faɗa wa lokotoro gaskiya, kada kunya ta hana. Kuma kada a bar shi shi kaɗai bayan ya dawo gida. Don haka ne muke cewa maganin ƙwari a sa masa kwaɗo da makulli. Kada a juye shi cikin kwalbar lemo. Bido ɗin da ya ƙare a huda shi, kada ya koma na ruwa ko na mai.

Masu zuba maganin feshi cikin waken ajiya, su ma su daina. Tun shekarar 2007 aka soma yaɗa buhun PICS mai riɓi uku a ƙasarmu. In an ɗaure shi da kyau, ƙwaro na mutuwa don rashin iska, ba tare da magani ba.

AIKIN AJI

Malami ya rubuta sunayen nan a allo, yadda suke a jikin kwalba: Dichlorvos ko DDVP, Chlorpyrifos, Malathion, Fenitrothion, Dimethoate. Duka masu ɗaure mai shara ne. Kowa ya kwafe su cikin littafinsa. In kun koma gida, ku duba kwalbarku harafi harafi, ba tare da kun buɗe ta ba. Ku duba kuma launin zanen da ke ƙasan takardar: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Kwalbar da ba ta da takarda ko kaɗan, ku nuna wa malamin gona. A zama na gaba kowa ya faɗi suna da launin da ya samu.