Zuwa Ga Matasan Mai'adua: Kada Ku Ce "Ba Komai" Alhali Da Komai



Ina rubuto muku ne a kan abin da ke tasowa a ranku lokacin da ake koya muku karatu ko ake yi muku nasiha. Mu manyanku mun koya muku gaisuwa da durƙusawa da sunkuyar da kai, kuma mun yi daidai. Abin da muka bari a baya shi ne koya muku yadda za ku yi da faɗuwar gaba, da kunya, da ɓacin ran da ke zuwa wa mutum a gaban malami ko a gaban mahaifi.

Ku dubi abin da ke faruwa kullum a aji, a firamare ne ko a sakandare ko a Islamiyya. Malam ya gama bayani, ya juyo ya ce, "Kun gane?" Aji duka ya ɗauka, "Mun gane!" A cikin masu amsawar akwai wanda kansa ya ɗaure tun daga layin farko. Ya so ɗaga hannu, sai ya ji ƙirjinsa na bugawa, bakinsa ya bushe, ya tuna ranar da aka yi wa wani dariya aka ce masa daƙiƙi. Sai ya bi ayari. Gobe a ɗora sabon darasi a kan wanda bai zauna ba, jibi ma haka, har ranar da za a zauna WAEC ko NECO, a ga sakamako, a ce yaron ba shi da ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwarsa lafiya lau. Tsoro ne ya cinye masa shekaru shida, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Mai jin tsoro ba ya riƙe karatu da kyau, domin hankalinsa ya tafi wajen tsare kansa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan: ka haddace allonka tsaf da asuba, ka zo biyawa, ka hango dorina, sai ayar ta gudu. In haka ta same ku, kada ku yanke wa kanku hukuncin daƙiƙanci. Ku ja numfashi, ku ce, "Malam, a ɗan ba ni lokaci." In kuma tambaya a gaban aji ta fi ƙarfinku, ku bi malamin bayan an tashi, ko ku rubuta a takarda ku miƙa masa. Yawancin malamai sun fi jin daɗin ɗalibin da ya biyo su da tambaya a kan wanda ya amsa "mun gane" ya tafi da duhunsa.

Kunya ado ce, ba na so ku yar da ita. Sai dai addininmu bai yarda ta hana neman sani ba. Ummu Sulaim ta je gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta yi tambaya a kan wankan mace, tambayar da da yawa cikinmu ba za su iya furtawa ba, kuma Nana A'isha ta yaba wa matan Madina saboda kunya ba ta hana su fahimtar addini ba. 'Yata, in an zo babin haila ko janaba a Ahalari ko Ishmawi kika ji fuskarki ta yi zafi, wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne ki tashi ba ki gane ba, ki yi shekaru kina ibada cikin shakka. Nemi malama, ko yayarki mai karatu, ki tambaya har ki gamsu.

Yanzu nasiha, wadda ta fi karatu zafi. Baba ko kawu ya kira ka zaure, ya soma magana a kan abokan da kake bi, ko dawowa gida tsakar dare. Kai kana tsugune, kanka a ƙasa, kana cewa "To, Baba. Na ji, Baba." A ciki kuwa jininka na tafasa, kana tsara amsar da ba za ka faɗa ba, rabin maganar ma ba ta shiga kunnenka ba. Shi ya tashi yana ganin ya gyara, kai ka tashi kana ganin an ci maka mutunci. An yi zama, ba a yi komai ba.

Fushin da ke tasowa lokacin nasiha yana da asali biyu, kuma wajibi ne ka san wanne ne naka. Wani lokaci ranka ya ɓaci ne don an faɗi gaskiyar da kake ɓoye wa kanka. Wani lokaci kuma zaluntarka aka yi: an ɗora maka laifin da ba naka ba, ko an tozarta ka a gaban ƙannenka. A cikin zafin ba za ka iya rarrabewa ba. Shi ya sa Manzon Allah ya umarci mai fushi ya yi shiru, in yana tsaye ya zauna, kuma ya nemi tsari daga Shaiɗan. Amma shirun na lokacin zafi ne, ba na har abada ba. Kwana ɗaya ko biyu, bayan ranka ya sauka, koma. Ka ce, "Baba, maganar ranar nan na yi tunani a kanta. Kaza gaskiya ne, zan gyara. Kaza kuwa ba haka aka yi ba." In bakinka ba zai iya ba, al'adarmu ta tanadi hanya: gwaggo, kaka, aminin mahaifi, limamin unguwa. Tun kakanni da su ake isar da abin da ɗa ba zai iya faɗa wa uba ido da ido ba.

Ga 'yan maza musamman: an ce muku namiji ba ya kuka. Manzon Allah ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, sahabbai suna kallo. Wane namiji ne ya fi shi? Abin da nake tsoro shi ne yaron da JAMB ta kayar da shi sau biyu, abokansa sun wuce Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura, aka tambaye shi ya ce "ba komai", sannan ya nemi abin da zai kashe masa zafin a cikin kwalba ko ƙwaya. Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma doka ba ta cire baƙin ciki daga ƙirjin yaro. Mu nan bakin iyaka muke, kun fi ni sanin abin da ke ratsawa. Kun kuma ga yadda rufe iyaka a 2019, da sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar a 2023, ya sa hanyar Kwangwalam ta yi tsit, cinikin kasuwar Lahadi ya ja baya, iyaye da yawa suka shiga ƙunci. Uban da ke cikin wannan hali zai iya yi maka tsawa a kan ƙaramin abu. Sanin haka zai rage maka ɗaukar kowace kalma tasa a matsayin ƙiyayya.

Ban manta da abin da ya faru a Daura a watan Oktoba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka shiga wata cibiyar gyaran hali aka fito da samari da yara, wasu da mari a ƙafa da tabon duka a jiki. Iyayen da suka kai su ba maƙiyansu ba ne, sun rasa yadda za su yi ne. Ina yawan tunanin da yawa cikin yaran nan sun daɗe suna cewa "to, na ji" kafin abin ya kai can, ba wanda ya san me ke cin su. Mari bai taɓa fitar da magana daga zuciya ba. Ku buɗe baki tun abin yana ƙarami, tun ana iya gyara shi da zama a kan tabarma.

Na san ana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma gaskiya ne, ba kowa ake buɗe wa ciki ba. Kada ku zuba damuwarku a Facebook ko a rukunin WhatsApp, inda za a ɗauki hotonta a yaɗa. Ku zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malamin ba da shawara a makarantu. In akwai shi a taku, ku yi amfani da shi, in babu, ku nemi malamin da kuka ga yana sauraro kafin ya yanke hukunci.

Akwai kuma damuwar da ta wuce nasiha. Mutum ya yi makonni ba barci, abinci ya fita ransa, abin da yake so a da ya daina burge shi, ga ciwon kai da faɗuwar gaba ba dalili, ko ya fara jin mutuwa ta fi masa. Wannan rashin lafiya ne, ba raunin imani ba. A yi addu'a, a kuma je asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware, akwai na Dawanau a Kano, kuma a Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, sabuwar kuma ta ba mai wannan ciwo haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Za a iya farawa daga babban asibiti mafi kusa, su tura mutum inda ya dace.

Wata rana kai za a zo wa. Abokinka zai zauna kusa da kai bayan sallar isha'i, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce wani abu na damunsa. Kada ka tare shi da "sai haƙuri" tun bai gama ba, kada ka yi dariya, kada ka kai maganar majalisa. Bar shi ya kai ƙarshe, ko da kuka ya zo masa. In ya ambaci kashe kansa, wannan kaɗai ne sirrin da ba a riƙewa: kada ka bar shi shi kaɗai, kuma ka sanar da wani babba a daren.

Allah ya yi muku albarka, ya buɗa muku karatu.

Wassalam,
Naku, wani malami daga ƙasar Daura